Ragonki a Ofishin Lauya

Zuwa ga marigayiya Hajara, ɗiyar Malam Dikko na Kurawa, uwar Hafsatu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya yalwata makwancinki, Ya sanya haske a cikinsa. Mai rubuto miki mijinki ne, Ummaru, daga Fatakwal. Na san takarda ba ta isa inda kike. Na san kuma masu bin wannan shafi nawa za su karanta, wasu su yi dariya, wasu su ce zaman kudu ya fara taɓa Malam Ummaru. Su karanta, ban hana ba. Labari ne ya cika mini ƙirji, kuma in ban faɗa miki ba, ji nake kamar ban faɗa wa kowa ba.

Hajara, ɗiyarki tana shiga kotu tare da lauyoyi.

Na so in ja miki rai kafin in faɗa, na kasa.

Ta gama aji uku a sashen shari'a na jami'a a Sakkwato. In dogon hutu ya zo, hutun nan da ke faɗawa tsakiyar damina, wasu ofisoshin lauyoyi kan ɗauki ɗalibai 'yan kaɗan su zauna da su wata biyu, su ga yadda ake aikin da hannu, ba a allo ba. Ba kowa ke samu ba. Yawanci ɗiyan waɗanda ubanninsu ke da lambar wayar manya ne. Ita uban nata mai gadi ne a kamfanin kifi. Ta rubuta takardar nema da kanta, ta kai da ƙafarta. Anka kira ta. Mai ofishin, wani dattijon lauya da kowa ke ce wa Barista, ya zaunar da ita ya yi ta yi mata tambayoyi har ta ce yawun bakinta ya ƙafe. Bayan kwana uku anka ce ta zo ran Litinin cikin baƙi da fari.

Ranar da ta kira ni ina bakin ƙofar kamfani, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya. Garin nan ruwansa ba ya gajiya, ba ya kuma jin kunya. Na fita cikinsa ba laima, na je har bakin titi, na dawo, na sake komawa. Manaja ya leƙo ta taga ya tambaya ko mutuwa anka yi. Na ce masa ɗiyata ta zama lauya. Ƙarya na yi, da sauran shekaru gaba, amma ranar bakina ya fi ƙarfina. Ya sa anka ba ni kifi biyu manya.

Kin tuna ranar da kika tsinka mata mari kan ƙwaryar da ta fashe? Ba ta fi shekara biyar ba. Ta tsaya hawaye na zuba, ta ɗaga kai ta ce, “Inna, wa yag gani?” Kika juya baya don kada ta ga kina dariya, kika ce mini, “Wagga ɗiya, ko dai alƙali ko dai masifa.” To har yanzu ban san wanne ba ne, amma an kama hanya.

Kullum bayan la'asar take kirana ta ba ni labari, ni kuma in sa ta maimaita. Satin farko ba abin da ta yi sai jera fayil-fayil da koyon yadda ake ɗaure su. Sati na biyu anka tura ta cikin littattafan hukunce-hukuncen da, masu kauri kamar tubali, anka ce ta nemo inda wani alƙali ya taɓa yin magana kan mutumin da ya ari gona ya ƙi mayarwa. Yini biyu tana nema. Ta samo! Wasiƙar farko da ta rubuta kuwa, sau huɗu Barista na mayar mata da ita, jan biro ko'ina kamar an yanka kaza a kai. Ni da na yi shekara da shekaru ina jan biro a littattafan ɗiyan mutane a firamare a Isa, na ce madalla, an rama wa yara.

Ranar da ta fara bin su kotu, ita ta ɗauki jakar da ke ɗauke da baƙar rigar Barista da hular gashin nan tasu. Ta zauna a bencin bayansu tana rubuta duk abin da anka ce. Da ta dawo ta ce mini, “Baba, ashe rabin aikin saurare ne.” Na ce to a wannan rabin sai kin dage, don ba ki gada ba ta kowane ɓangare.

Abu ɗaya ne ba ta faɗa mini: shari'ar wa, kuma a kan me. In na tambaya sai ta ce amanar ofis ce. Na ji haushi kaɗan. Na kuma ji daɗi, ban dai nuna mata ba.

Kin san ni da lauyoyi. Kin san yadda fadamar babana ta bar hannunmu a wata kotu, ranar da wani mai baƙar riga ya tambaye ni takarda, ni kuwa shaidata itatuwan da kakana ya dasa. Kin san shekarun da na yi ina cewa an kai wa wani wani abu ta bayan gida, ko da yake ban taɓa gani da idona ba. Rashin fadamar nan da farin da ya biyo baya su sunka turo ni nan ina buɗe wa motocin kifi ƙofa. Da Hafsatu ta ce shari'a za ta karanta, sati biyu ban yi mata magana mai daɗi ba. Yau ga ni ina tare mutane a ƙofar masallaci ina ba su labarin jakar Barista, har wani Bakano ya ce don Allah in canza labari.

Yanzu bari in faɗa miki abin da na yi. Ni na yi shi, ba wani ba.

A wajenmu wa ke ba da ɗa koyon sana'a ya naɗe hannu? Ko wajen tela ne, ko maƙeri, sai manya sun tashi sun je da goro sun ce ga amana, in ya yi laifi a hukunta, in ya yi daidai a sa albarka. Ranar da anka kai ƙanenki wajen mai gyaran injin ban-ruwa a Sabon Birni, da ni anka je, kin sani. To ga mutum ya ɗauki ɗiyata yana koya mata abin da zai riƙe ta har tsufa, ba wanda ya je ya ce masa ko sannu. Kamar ba ta da kowa. Kamar daga rami ta fito. Abin ya tsaya mini a rai, ko kifin manaja ya daina shiga.

Na kira Yaya Labbo. Shi ke riƙe da gida tun bayanki. Ya ce magana ta yi, amma da me za a je? Hajara, damina ta uku ke nan ruwa na yi mana rowa. Bana sau biyu anka yi shuka, sau biyu ta ƙone. Ta ukun gero bai kai gwiwa ba ya fara naɗe ganye. An fita roƙon ruwa, an sake fita. Rumbuna sun zama ɗakin kaji, kajin ma sun ƙare. Can Yaya ya ce, “Sai ko ragon Hajara.”

Ɗan udan nan ne, jikan tunkiyar da babanki ya ba ki, gaba baƙi, baya fari. Shi kaɗai ya rage cikin tumakinki. Na ce a kai shi. Har na ji daɗi, na ce ai ke ma kin je ke nan. Na aika a sayi ƙwaryar goro fari. Ban gaya wa Hafsatu ba. Na san za ta ce a'a, kuma na ɗauka maganar manya ce.

Akwai abin da ya kamata ki sani kafin in ci gaba. Kin tuna tafkin Marke da ke bayan Kurawa, inda shanu ke sha tun kaka da kakanni. Bara da ruwansa ya ja baya ya bar laka mai danshi, mutanenmu sunka shiga sunka shuka masara da dankali, har sunka toshe burtalin da ke gangarawa bakin ruwa. Fulani sunka kai ƙara kotu a Isa, Ardo Manu ne a gaba. Yaya Labbo na cikin waɗanda anka kai ƙara, shingensa ne ma ya tare bakin burtalin. Duk wannan na sani. Abin da ban sani ba, shi ma bai sani ba, matashin lauyan da ke zuwa Isa yana tsaya wa Fulani a ƙarƙashin Barista yake aiki. Ofishinsu ɗaya.

Hafsatu ta sani. Tun kwananta uku a wurin ta ga sunan baffanta a bayan wani fayil. Ba ta buɗe ba. Ta kai wa Barista ta ce masa wanga baffana ne. Ya karɓe fayil ɗin ya kulle, ya ce kada ta sake taɓa shi, kada kuma ta yi maganar da kowa nata. Ta riƙe. Ni kuwa ina nan ina shirya mata rago.

Yaya Labbo ya sa rigarsa ta Sallah, ya rungumi rago a kan kabu-kabu har tashar Sabon Birni, ya shiga bas mai zuwa Sakkwato. Kafin azahar yana ƙofar ofishin. Ya ɗaure ragon jikin ƙarfen taga. Akwai wasu furanni da anka dasa a wurin ana ba su ruwan famfo. Ragon, bawan Allah, rabonsa da ganin ɗanyen ganye an daɗe. Kafin a yi sallama ta uku ya gama da rabinsu.

Labarin ya zo mini ta bakin mutum uku, kowa da inda ya fi ƙarfafawa, amma a kan wannan duk sun haɗu. Da Yaya ya shiga ɗakin jira da goro a hannu, mutum na farko da ya gani a zaune, sanda bisa cinya, Ardo Manu ne. Ya zo shirin zaman kotu na sati mai zuwa. Ardo ya dubi Yaya, ya dubi goro, ya leƙa ta taga ya dubi rago.

Sai ga matashin lauyan ya fito. Bayarabe ne. Kin san Bagobiri in ya ga Bayarabe, ko a bakin kabari ne sai ya taɓa shi. Yaya ya washe baki ya ce, “A'a, bawana, ashe nan ka ɓoye! Ga rago can na zo da shi, shi ma ya yi shigak kotu, baƙi da fari.” Yaron bai yi dariya ba. Ya juya ya kira Barista.

Sun ce jawabin da Yaya ya yi na ba da amana, ko a gaban sarki sai haka. Ya ambaci sunanki, ya ambaci babanki, ya ce marainiya ce, uba na nesa, a riƙe ta da tsoron Allah. Da nan ya tsaya, wataƙila da an yi dariya an sallame shi da ragonsa. Amma kin san Yaya, in magana ta yi masa daɗi ba ya ganin inda ta ƙare. Ya gyara riga ya ƙara da cewa, “Tunda ɗiyarmu na hannunku, ai mun zama ɗaya. Maganat tafki kuma sai a duba muna.”

Ardo ya miƙe ya ce, “Ashe haka ake yi a birni.” Ya fita.

Daidai nan Hafsatu ta fito daga ɗakin ciki da fayil-fayil a ƙirji.

Barista bai ɗaga murya ba. Ya ce wa Yaya ya ɗauki goronsa, ko guda kada ya bari, ya kwance ragonsa. Ya ce wa Hafsatu ta koma gidan ƙanwarki inda take sauka, kada ta zo sai an kira ta. Ya ce mata, “Na yarda ba ki sani ba. Amma shari'ar ba tawa ba ce. In mai ita ya ce bai amince da zamanki a nan ba, zamanki ya ƙare.” Kuma ki sani, in an gama wata biyun nan ofis kan rubuta takarda a kan kowane ɗalibi. Takardar da ta ce an sallame ta don danginta sun kawo wa lauyan abokin shari'arsu rago, wannan har tsufanta tana biye da ita. Wane ofis zai sake buɗe mata ƙofa?

Da ta kira ni ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, “Baba, mi na yi maka?”

Ba za ni ɓoye miki ba, fushi na fara yi. Na ce wane irin mutum ne ke mayar da goro? Boko ya cinye musu ladabi. An je an girmama shi, ya wulaƙanta dattijo a gaban abokin gabarsa. Kwana biyu ina wannan tafasa, ina buɗe ƙofa ina rufewa kamar ita ta yi mini laifi.

A rana ta uku da hantsi ina zaune ina kallon ruwa na cika kwata, sai fadamar babana ta faɗo mini. Na ce Ummaru, a ce ranar nan ka shiga wurin wanda ka dogara da shi, ka tarar da abokin shari'arka da rago a ƙofa, yana cewa a duba muna. Kai da ba ka ga komai ba ka yi shekaru kana zargi. Shi Ardo ya gani da idonsa, har ragon ya yi masa kuka. Me kake so ya ɗauka?

Na kuma tuna ki. Tun kafin tafkin ya ja baya, shekarar da anka fara matsa shinge wajen burtali, kina tankaɗe a tsakar gida kika ce, “In kun toshe musu hanya ta ina za su bi, ta sama?” Na ce ki bar maganar maza. Ba ki bari ba. Yunwar Yaya gaskiya ce, na san yawan bakin da ke jiran masarar nan. Amma ƙishin shanun ma gaskiya ne, kuma sun riga mu sanin tafkin.

Na samu takarda na rubuta wa Barista wasiƙa, irin rubutuna na allon aji, na ɗauki hotonta na tura ta wayar ofis. Ban yi ado ba. Na ce ni na aika, ga dalilina, yarinya ba ta sani ba, yayana ya yi kuskure a maganarsa, ni kuma na yi wanda ya fi nasa. Sannan na nemi lambar Ardo wajen ƙanenki.

Na kira shi. Munka gaisa, doguwar gaisuwa, gida, shanu, ruwa, ko da yake duk mun san amsar ta ukun. Na yi bayani. Ya bar ni na gama tas. Sai na ji ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya ce in saurara shi ma ya ba ni nasa.

Ashe, Hajara, ranar nan bas ɗaya ta rage mai komawa Sabon Birni. Kujera ɗaya anka ba su, shi da Yaya, rago a tsakanin ƙafafunsu. Sun yi tafiya mai nisa ba wanda ya dubi wani. Ragon na ta haki. Wajen Goronyo Ardo ya kasa daurewa ya ce, “Sassauta mai igiya, Labbo, ba shi yak kai ka ƙara ba.” Yaya ya ƙi. Ardo ya sunkuya ya kwance da kansa, ya sake ɗauri irin nasu. Kuma kin san Bafillace, in hannunsa ya taɓa dabba sai ya karanta ta. Ya buɗe baki ya duba haƙora, ya shafa gadon baya, ya taɓa haƙarƙari.

Ya ce mini, “Malam Ummaru, na duba ragon ga da kyau. Wanda za shi sayen lauya ba da wanga rago za shi ba. Lauyan ma sai ya kai shi ƙara.” Ya ce tun a bas ya gane gaisuwar talakawa ce, abin da ya rage a gida anka kwaso. Ya ce ko tsagar kunnen ya gane, ta garken Malam Dikko ce.

Na yi dariya har hawaye, kuma ban san inda dariyar ta ƙare hawayen sunka ci gaba ba. Ramar ragonki ce ta wanke ɗiyarki. Da damina ta yi kyau ya yi ƙiba, da mun shiga uku.

Kada ki ɗauka Ardo ya sauko. Ya ce maganar da Labbo ya ƙara a ƙarshe wauta ce tasa, kuma za su haɗu a Isa, ko taku ɗaya ba zai ja da baya ba kan burtali. Na ce ban roƙe ka wannan ba. Ya ce ya sani, shi ya sa yake saurare na. Game da yarinya kuwa, ya ce sau uku yana zuwa ofishin, duk zuwa ita ke ba shi kujera ta kawo masa ruwa, ta san shi sarai ya san ta, amma ko “ina labarin gida” ba ta taɓa ce masa ba. Ya ce da farko ya ɗauka girman kai ne. Yanzu ya gane. Ya ce zai gaya wa Barista da bakinsa ta zauna.

Ya kuwa faɗa. Barista ya sa anka rubuta abin da ya faru duka, har da furanni nake jin, anka sanar da kotu da lauyan su Yaya, don kada wani ya ji daga baya ya ce an ɓoye. Ran Litinin anka kira ta.

Ta koma, Hajara! Ta koma! An ma ƙara mata aiki. Jiya Barista ya ba ta wata yarjejeniya ya ce ta nemo inda za a iya cutar mai sa hannu, ta nemo wuri biyu, ya ce akwai na uku, ta koma ta samo. Sati mai zuwa babbar kotu za su, ita za ta riƙe jerin hukunce-hukuncen da zai ambata, in ya miƙo hannu ta sa masa littafin a buɗe daidai shafin. Ta ce tana gwadawa a gida da ƙanwarki, ƙanwarki na zama Barista da ludayi a hannu.

Ta huce da ni, amma sai da ta ci tarata. Ta ce, “Baba, ka san ragon nan cikin gadon Inna yake? Ina da rabo a ciki. Kun yi kyauta da dukiyata ba izinina.” Na ce to ki kai ni ƙara. Ta ce sai ta gama karatu, don ta tabbata ta ci.

Yaya bai kira ni ba har yau. Na ji ya ce ni na tura shi cikin wuta. Rabin maganarsa gaskiya ce. Ragon yana nan da ransa, an ce Ardo ya aiko masa da ɗan jiƙo ta hannun wani, ya ce kada a faɗi daga inda ya fito.

Shekaranjiya da azahar wayata ta yi ƙara, lambar da ban sani ba. Barista ne da kansa. Na miƙe tsaye, na cire hula na mayar, kamar yana ganina. Ya ce ya karanta wasiƙata, kuma rubutun hannuna ya fi na lauyoyinsa duka. Ya ce, “Malam Ummaru, amanar na karɓa tun ranar da ta kawo mini fayil ɗin nan a rufe. Goron ne ba ni da ikon karɓa.” Ya ce ranar da ɗaliban za su gama, yakan zauna da su a ci abinci, ya miƙa wa kowa takardarsa, kuma yana so in zo in gani. Ya ce sharaɗi ɗaya ne: in zo hannu rabbana, ko dabino kada in riƙo.

Hajara, akwai abin da ban faɗa miki ba, ko da yake ina jin kin sani. Tun ranar da munka rufe ki ban sake taka gida ba. Damina huɗu. Duk shekara sai in ce bari in samu abin da za ni shiga da shi, kada in sauka a tasha yaran Yaya su taro ni su ga jaka ba nauyi. Duk shekara fari na gaba, ni ina baya. Hafsatu ta shiga jami'a ban kai ta ba. Ta yi tsawo, a hoto na gani. Na ce wa mutane aiki ne ya riƙe ni. Kunya ce.

Yanzu ga mutum ya kira ni, ya ce abin da ake so in zo da shi shi ne ba komai. Wannan kam ina da shi.

Na roƙi manaja kwana goma, ya ba ni. Za ni je. Za ni zauna inda anka ce in zauna, in rufe bakina in Allah Ya ba ni iko, in ga an miƙa wa ɗiyarki takardarta. Daga nan za ni Sabon Birni in durƙusa gaban Yaya, ya yi faɗansa ya gama. Sannan in zo Kurawa. Ko ban gane wurin daidai ba, za ni tsaya in yi miki sallama, in ba ki sauran labarin da bai shiga takarda ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya sa kin huta. Allah Ya tsare Hafsatu, Ya tsare harshenta da hannunta, Ya sa kada a cuci kowa ta dalilinta. Allah Ya ba mai gaskiya gaskiyarsa a Isa, ko da ba namu ba ne, Ya kuma ciyar da wanda ya rasa. Allah Ya dubi Gobir da rahama, Ya cika tafkin nan har ya wadaci shanu da masara. Amin.

Naki har gobe,
Ummaru, baban Hafsatu,
daga Fatakwal, kafin in kamo hanya.